Furar Gidan Sarkin Noma

Duk shekara sai makaranta ta turo mini ku neman sanin makamar aiki, kowa da waya a hannu kamar da ita aka haife shi. Jiya ma ɗayarku ta dube ni ta ce, "Anti, ai aikin jarida yanzu ba wuya, kira ne kawai a tambaya." Kira kawai! To, ku kife wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, in gaya muku yadda ni na koyi aikin. Ni ma a inda kuke na fara, sai dai ku an ba ku kujera, ni kuwa benci ne mai ƙafa uku, an tokare ta huɗun da bulo.

Jaridar da aka tura ni ƙarama ce ta Hausa, mako-mako take fita. Ofishinta ɗaki ɗaya ne da baranda a bayan tashar Minjibir. Editanmu Malam Habu, tsohon malamin makaranta ne, dogo, ba ya dariya sai ta kama dole. Kayan aikinmu gaba ɗaya ba su cika tebur ba: kwamfuta ɗaya, rikoda mai kaset da ake ɗaure murfinta da kyauro, kyamara ɗaya da Malam Habu yake ji da ita fiye da hularsa, sai wani janareto da ba ya tashi sai an roƙe shi. A Kano ake buga jaridar. Idan ɗaurin ya iso a motar haya, ni ke zama a baranda in ninke ta ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya yi baƙi ƙirin. Da safe ni ce mai shara, da hantsi ni ce mai karɓar sanarwa: ta'aziyya, ɗaurin aure, cigiya. Na zo da burin in yi hira da manya, sai ga ni ina rubuta sunan wanda akuyarsa ta ɓata.

Aikin farko da ya shiga jikina cigiyar jaki ce. Wani dattijo ya zo daga wajen gari, ransa a ɓace, ya ce jakinsa ya tsinke igiya. Na rubuta cewa jaki ya ɓata, wanda ya gani ya taimaka. Malam Habu ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Binta, wane jaki? Ko duk jakunan ƙasar nan nasa ne?"

Ya sa na bi dattijon nan a guje har tasha. Ashe jakin fari-fari ne, kunnen hagu a tsage, yana ɗingisa ƙafar baya, kuma ba ya yarda yaro ya hau shi. Haka muka buga. Aka karanta a teburin mai shayi, wani ya ce ai ya ga wannan jakin a wata fadama. Dattijo ya dawo ofis a kan jakinsa don ya gode mana. Tun daga ranar ban sake rubuta abu a dunƙule ba.

Ranar kasuwar Zakirai kuwa Malam Habu yakan tafi da ni. Ba ya yawo da rikoda a hannu kamar mai talla. Wuri yake samu kusa da 'yan hatsi ya zauna, ya gaisa da kowa, gaisuwa mai tsawo har in ƙosa. Idan na zaro biro sai ya harare ni in mayar. Yakan ce, "Bakin mutumin karkara ba zai kai ƙarar halinsa ba. Ki dubi abin da ya kawo kasuwa, ki dubi abin da ya koma da shi gida." Lokacin gani nake tsufa ne kawai yake damunsa.

A shekarar ne aka yi fari. Ruwa ya fara da kyau, gero ya tashi har ya yi ciki, sai sama ta ɗauke cak. A wasu garuruwan an ɗan samu na kaiwa baki, a wasu kuwa zangarniya ta fito fayau, ka murza ba ƙwaya. Da bazara ta shigo aka kafa wani kwamitin agaji da zai raba irin shuka ga garuruwan da abin ya fi shafa. Sau ɗaya za a raba, kafin ruwan farko. Mutanen kwamitin suka zaga gari-gari, suna tara magidanta a ƙofar mai unguwa suna tambayar yadda aka ƙare da damina. Inda aka koka aka sa su a rabo. Da suka je wani ƙauye da ake kira Ɗinya Biyu, can bayan Zakirai, magidanta suka ce, "Alhamdulillahi, damina sai godiya." Mutanen kwamiti suka yi murna suka wuce. Kada ku ga laifinsu, abin da aka gaya musu suka tafi da shi.

Wata ranar kasuwa Malam Habu ya taɓa ni da gwiwar hannu. Mutanen Ɗinya Biyu ne suka shigo. Ɗaya yana jan tunkiya mai tsohon ciki, ɗaya ya saɓo garma. Can anjima muka ga mai tunkiyar a wajen 'yan hatsi, ya auni ɗan gero kaɗan, ya waiwaya hagu da dama, ya tura shi ƙarƙashin riga.

"Manomi ya sayar da tunkiya mai ciki, ya ɓoye awo kamar na sata," in ji Malam Habu a hankali. "Garin nan akwai yunwa. In kuwa ci ya kai su ga iri, ko ruwa ya sauko ba abin da za su zuba a rami."

Shi da kansa ya fara zuwa. Suka shimfiɗa masa tabarma, suka ce sai godiya, suka rako shi har bakin hanya. Da ya dawo ya ce mini, "Ni iyakata zaure. Ke kuwa mace ce, har tsakar gida za ki shiga. Gobe ki shirya." Ya ciro kyamarar nan ya rataya mini a wuya, ya ce in ta faɗi kada in dawo.

Na hau mota zuwa Zakirai, daga nan na hau acaɓa. Rana kamar ta dafa mutum. Na fara gaida mai unguwa, shi kuma ya sa aka kai ni gidan Sarkin Noma, don duk maganar gona a garin a bakinsa take. Sunansa Baba Ilu, gajere, kakkaura, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. An ce a shekarun albarka dammansa sai an yi gayya ake kwashe su. Na durƙusa a zaure muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi zafi, sannan na lallaɓa na ce, "Baba, yaya aka ji da daminar bara?"

"Sai godiya, 'yata. Wanda ya ba mu a baya shi ne dai har yanzu."

Aka kawo mini fura a ƙwarya, an dama da nono, fara sol. Ga ƙishi, ga yunwar hanya, na sha na ƙoshi har ina santi. A raina na ce anya Malam Habu bai yi kuskure ba? Gidan da ake dama irin wannan fura ina yunwa za ta shiga?

Da na shiga cikin gidaje sai na ga abin da zaure yake rufewa. Turame a kife da rana tsaka. Yara bakinsu duk ya yi rawaya da garin ɗorawa. A tukunya busasshen zogale ne da tafasa, an barbaɗa ɗan gari don a ce an ci tuwo. Mata ba su ɓoye mini ba. Wata ta ce su kam sun cinye irinsu tun watan jiya. Wata ta ce nasu saura abin da bai cika ƙwarya ba. Amma duk wadda ta yi magana sai ta kama hannuna ta ce, "Don girman Allah kada ki sa sunan maigidana. In aka ji daga gidan nan ta fito, ya shiga uku a majalisa."

Na koma ofis da zafina, na rubuta labari har shafi biyu. Malam Habu ya karanta ya ajiye.

"Ba zan buga ba."

"Malam, wallahi da idona na gani!"

"Na yarda kin gani. Amma magidantan garin sun faɗa a gaban mai unguwarsu cewa lafiya suke. Ke kuma kin zo da 'wata mata ta ce'. Kwamiti zai ce mun ƙirƙira, mutanen garin su ce mun yi musu ƙazafi. Ki samo mini mutum ɗaya da zai tsaya da sunansa da fuskarsa."

Ran nan na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi amsa masa sai da safe. Ga kwamiti yana gab da rufe rabo, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, shi kuma yana neman suna. Amma gaskiyarsa ce, kuma ku ma haka zan yi muku.

Da na koma Ɗinya Biyu, bayan mun gaisa da Baba Ilu sai na wuce cikin gida wajen matarsa, Inna Hanne. Na tarar da ita a bakin turmi tana surfa ɗan gero, ƙwayarsa manya-manya masu sheƙi. Na ce, "Inna, ku kam Allah ya rufa muku asiri, rumbunku bai ƙare ba." Ta tsayar da taɓarya ta dube ni.

"'Yar nan, ni tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa leƙa rumbunsa ba, mace ba ta leƙa rumbun miji. Amma ina da ido. A da daga kan tsani yake miƙa hannu ya zaro dami. Bana har ya shige ciki gaba ɗaya, in ji ƙarar ƙafarsa a daɓe. Yanzu ko tsanin ba ya jinginawa."

"To wannan geron fa?"

Ta yi ƙasa da murya. "Damin iri ne, wanda ya tsince zangarniya ɗai-ɗai ya rataye a turakarsa. Duk wuyar da muka sha bai taɓa shi ba. Ranar da kika fara zuwa ya sauko da shi, ya ce baƙuwa ba za ta zo gidan Sarkin Noma ta koma da ƙishi ba. Yau ma da ya ji sallamarki ya ƙara zaro wasu."

Na dubi geron da ke cikin turmin. Ashe furar da na sha ina santi gonar bawan Allah ce. Na roƙe ta ta bar dakan, ta ce ba ta isa ba, shi ya sa ta.

Na koma zaure na zauna. Akwai dattawa biyu suna hira da shi, don haka na ja bakina, ba a yi wa babba irin wannan magana a gaban mutane. Sai da suka tashi, aka shigo da ƙwarya aka ajiye a gabana. Baba Ilu ya ce, "Bismillah, 'yata." Na buɗe faifai, na mayar na rufe.

"Yaya? Ko furar ƙauye ta gundure ki?"

"Baba, ban taɓa shan fura mai daɗinta ba. Amma gonarka ta bana ce a cikin ƙwaryar nan. Ba zan iya shanye ta ba."

Fuskarsa ta canza nan take. "Wa ya gaya miki?"

"Ka yi haƙuri, Baba. A aikinmu ba ma faɗin wanda ya faɗa."

"Aikinku! Wato so kike ki tona mini asiri a takarda, a riƙa karanta ni a teburin mai shayi? Ni Iliyasu, da na ciyar da rabin garin nan, a ce ina bara?"

Na riga na fara, ba ja da baya. Na ce, "Baba, ba wanda zai ce bara kake. Kowa ya san ba lalaci ne ya kawo ba, sama ce ta ɗauke. Amma duk garin nan bakinka suke kallo. Muddin Sarkin Noma yana cewa sai godiya, babu magidancin da zai iya cewa ba shi da iri. In kai ka faɗa, wa ya rage da zai ji kunya? Rabon nan sau ɗaya ne, kuma ka fi ni sanin ruwa ya kusa."

Aka kira azahar, Baba Ilu ya saka takalmi ya fice. Na zauna ni da ƙwarya, ina korar ƙuda. Na ce shi ke nan, na ɓata, na yi wa dattijo rashin kunya a zaurensa, kuma na rufe wa jarida ƙofar garin har abada. Har na fara tunanin inda zan sami acaɓa.

Sai na ji hayaniya. Ga Baba Ilu ya dawo daga masallaci, mai unguwa yana gefensa, magidanta suna biye. Ya leƙa cikin gida ya ce mata su shiga ɗaka, sannan ya juyo gare ni.

"Ina abin ɗaukar hoton naki? Taso."

Muka shiga har gindin babban rumbunsa. Ya sa samari suka ɗage jinka, ya jingina tsani, ya hau da kansa ya dira ciki. Duk muka ji ƙarar ƙafarsa a daɓe. Daga ciki ya ɗaga murya ya ce, "Hau ki leƙa. Ko uwar 'ya'yana ba ta taɓa leƙa shi ba."

Na tattare zani na hau. Ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da wani ƙadangare, sai dattijo a tsaye a tsakiya, ya gyara zaman hularsa. Ya ɗago kai ya dubi kyamara sosai, bai sunkuyar da ido ba. Na ɗauka.

"Rubuta," in ji shi. "Iliyasu, Sarkin Noman Ɗinya Biyu. Ki ce na gode wa Allah, kuma ba ni da iri."

Ban gama saukowa ba wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "'Yata, in kin gama, zo ki leƙa nawa." Wani ya ce nasa ya fi kusa. Mutumin nan mai tunkiya ya ce a fara da shi, don shi ko ƙadangare ya yi ƙaura daga nasa. Aka fashe da dariya, irin dariyar da mutum yake yi idan an sauke masa kaya. Yinin nan na hau tsani har cinyoyina suka yi tsami, kaset ya cika gaba da baya, kowa yana faɗin sunansa da bakinsa.

Malam Habu ya daɗe yana kallon hoton a kwamfuta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "To, yanzu kin kawo labari." Ya sa hoton a shafin farko, ya cika rabin shafi, maganar Baba Ilu a ƙarƙashi yadda ya faɗe ta, ba ƙari ba ragi. A ƙasan labarin kuma ya rubuta sunana, karo na farko. Da ɗaurin ya iso daga Kano na zauna ninki a baranda kamar kullum, amma ran nan ko gajiya ban ji ba, duk wadda na ɗauka sai na sake duba sunan.

Shi da kansa ya kai wa shugaban kwamitin jaridar hannu da hannu. A kasuwar Zakirai kuwa tun kafin azahar ta ƙare, mutane suna karɓa daga hannun juna. Abin da Baba Ilu ya ji tsoro bai faru ba. Ba wanda ya yi masa dariya. Cewa ake, in har rumbun Sarkin Noma ya koma haka, to lallai abin ya kai. Wasu ƙauyuka biyu da su ma suka ce sai godiya suka aiko a zo a leƙa nasu. Kwamiti ya koma Ɗinya Biyu, wannan karon ba su tsaya a ƙofar mai unguwa ba, rumbu-rumbu suka bi. Motar iri ta shiga garin hadari yana haɗuwa, kuma ba a yi mako ba aka yi ruwan shuka. Na je na gani da idona: maza a gaba da sungumi, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige.

To ke mai cewa kira ne kawai, bari a ba ki lambar waya, ki kira Sarkin Noma ki tambaye shi damina. Wallahi sai godiya zai ce miki, ki rubuta, ki kwanta kina ganin kin yi aiki.

Wa'adina ya cika, Malam Habu ya ce ba inda za ni, ya sa aka gyara ƙafar bencin. Da kaka ta yi, ina baranda ina ninki, sai ga acaɓa ya tsaya. Baba Ilu ne a baya, ya rungume ƙwarya an ɗaure ta da ƙyalle, an kuma ɗaura damin gero a bayan babur. Tun kafin ya sauko yake ɗaga murya.

"Ina yarinyar nan mai ƙin furar mutane?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ajiye ƙwaryar a gabana, ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya miƙo mini ludayi.

"Hanne ce ta dama. Daga kan tsani na miƙa hannu na zaro, iri kuma yana rataye a turaka, ba wanda ya taɓa shi. Yau kuma sai in ji da wane baki za ki ƙi."

Na ce bismillah na kafa kai. Malam Habu yana tsaye a bakin ƙofa yana gyaran murya, ni kuwa na yi kamar ban ji ba. Na shanye ta tas, ko ludayi ɗaya ban rage masa ba.